"Kalman" ko "Kalmar"? Tarihin Wata Aƙida da Yadda Ta Shigo Hausa

Maƙalar wannan makon ta tarihi ce, a kan aƙidar da 'yan Katolika da mafi yawan Kiristoci suke ɗauka ginshiƙin addininsu, wato cewa Allah ya zama cikakken mutum a cikin Yesu Almasihu. Mu Musulmi imaninmu sananne ne: Annabi Isa (AS) bawan Allah ne kuma manzonsa. Ba muhawara na zo yi ba. So nake mu ga irin faman da aka sha da kalmomi kafin aƙidar ta zauna, da wanda aka sake sha da ta shigo harshenmu.

Kiristocin farko sun daɗe suna saɓani a kan Yesu. Wasu sun ce jikinsa kama ce kawai, bai ji yunwa ko zafi da gaske ba. Wani malamin coci a Iskandariyya mai suna Ariyus ya ce halitta ne, ba daidai yake da Allah ba. Taron Nikiya na shekarar 325 ya yi watsi da maganar Ariyus. A 381 aka sake zama a Kustantiniyya, aka ƙi ra'ayin masu cewa yana da jikin mutum amma ba shi da hankali irin na mutum. Sai a 451, a Kalsidon da ke ƙasar Turkiyya ta yau, aka tsayar da maganar da Katolika ke riƙe da ita har gobe: shi ɗaya ne, amma cikakken Allah kuma cikakken mutum, ba cuɗanya, ba rabuwa. Cocin Masar da ta Habasha ba su amince da wannan lafazi ba. Ke nan Kiristocin da Sahabbai suka tarar a hijirar Habasha suna ɓangaren da bai bi Kalsidon ba.

A ƙasar Hausa kuwa, wasu limaman Katolika biyu da suka taso daga Tarabulus sun rasu a Katsina a 1711 ba tare da sun kafa komai ba. Sai a 1907 Katolika suka kafa mishan a Shendam, Kano kuma ta zama cikakkiyar dayosis a 1999. Amma fassarar Littafi Mai Tsarki 'yan Angilika ne suka fara ta. James Schön, Bajamushen da ya amfana da Hausar Dorugu, ya soma fitar da sassa tun wajen 1857. Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka kammala littafin duka a 1932, wata sabuwar fassarar ta fito a 1979.

A nan ne darasinmu yake. Kalmar Girkanci da Bisharar Yahaya ta yi amfani da ita a wannan batu, asalin ma'anarta "nama". Ka sa "nama" a Hausa, hankalin mai karatu ya tafi teburin mahauci. Ka sa "jiki", ka bar rai da hankali a waje, abin da taron 381 ya ƙi ke nan. Fassarar 1979 ta zaɓi "mutum", kalmar da ta haifi mutunci da mutuntaka, ta kuma ɗauke jiki da rai gaba ɗaya.

Ga wata kuma. A nahawunmu "kalma" tamata ce, "kalmar" muke cewa. Amma da yake a aƙidarsu Kalma na nufin Yesu, masu fassarar sai suka maida ita namiji, suka rubuta "Kalman". Wanda bai san dalili ba zai ɗauka kuskuren ɗab'i ne, alhali da gangan aka tanƙwara nahawu don ma'ana ta tsira.

Me ya shafe mu? A kudancin Kano akwai Hausawa Kiristoci, da yawansu jikokin Maguzawa, kuma noman rani da ruwan Tiga ya kawo Kura da Bunkure yana haɗa mutane iri-iri a gona da kasuwa. Wata rana ɗayansu zai shigo labarinka. Idan ka sa masa a baki cewa alloli uku yake bauta wa, ka yi masa ƙage, domin ba haka yake faɗa ba, kuma mai karatun da ya sani zai daina yarda da sauran littafin. Kano ta ga abin da rikicin addini ya jawo a Oktoban 1991, bai kamata alƙalaminmu ya ƙara itace a wuta ba. Sanin abin da maƙwabcinka ya yi imani da shi ba yarda da shi ba ne. Kafin ka rubuta, ka tambaye shi yadda shi yake faɗa.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.