Furen Wardi: Na Su Wa Ne?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da muka yi da wani abokina a bakin laburare. Mun tarar da tsohon da ke kula da furanni yana yi wa wardi aski a gefen hanya, dogaye a baya, gajeru a gaba, ga ja ga fari ga rawaya. Sai abokina ya taɓe baki ya ce, "Aikin banza! Furen Turawa, ba a ci, ba a miya da shi." Na ce masa, in na Turawa ne, me ya sa sunan da muka san shi da shi na Larabci ne? Ya ce to in faɗa masa asalinsa, sai na yi tsuru-tsuru. Kunyar nan ce ta sa na shiga bincike, ga kuma abin da na samo.

Tun zamanin da akwai wardi a lambunan Turai, amma ba irin wanda muke gani yau ba. Galibinsa sau ɗaya yake fure a shekara, na 'yan makonni, sa'an nan sai ganye da ƙaya har baɗi. Launinsa bai wuce fari da ruwan hoda da ja mai duhu ba. Abin alfaharinsa ƙanshi ne, kuma wanda ya fi suna wajen ƙanshi da sunan birnin Dimashƙa ake kiransa. Tun a ƙarni na 9 Alkindi ya rubuta littafi a Bagadaza kan yadda ake tatsar turare, har yau kuma ana noman wannan iri a Ɗa'ifa ta ƙasar Saudiyya saboda ruwan wardi.

A can ƙasar Sin kuwa, masu lambu sun daɗe suna renon wani iri mai wata baiwa dabam, watau yana fure ya sake fure muddin akwai ɗumi. Tsakanin 1792 da 1824 jiragen fatake suka kai iri huɗu na wannan wardi Ingila: ja wur, ruwan hoda, mai ƙanshin ganyen shayi, da mai ɗan rawaya. Aibinsu shi ne wasunsu ba sa jure sanyin Turai.

Inda labarin ya fi ba ni sha'awa shi ne tsibirin Bourbon, wanda yanzu ake kira Reunion, a tekun Indiya. Manoman wurin sukan yi wa gonakinsu shinge da wardi, ga na Sin ga na Dimashƙa kusa da juna. Ba wanda ya yi niyyar haɗa su, ƙudan zuma ne suka yi ta kai garin furen wannan ga wancan. A 1817 wani masanin tsirrai Bafaranshe mai suna Bréon ya lura da wani ruwa-biyu da ya tsiro a wurin, wanda ya gado ƙanshi daga ɗaya, ya gado yawan fure daga ɗayan. Aka aika da irinsa Faransa. Ashe a bakin shingen manomi aka ƙulla zumuncin gabas da yamma.

Daga nan masu lambun Faransa suka duƙufa wajen haɗa iri da gangan. A 1867 Guillot na birnin Lyon ya fitar da "La France", wanda aka saba ƙirgawa a matsayin farkon wardin zamani, mai dogon kara da babban fure. A 1900 Pernet-Ducher, shi ma ɗan Lyon, ya fitar da "Soleil d'Or" bayan ya shigo da jinin wani wardi rawaya na ƙasar Farisa. Gajerun nan kuwa masu fure gungu-gungu, waɗanda ake sawa a sahun gaba, suna da jinin wani wardin daji na Japan, kuma iyalin Poulsen na Denmark ne suka kyautata su a shekarun 1920.

To, amma ba a samun riba babu hasara. Wardin Farisa ya zo da launi, ya kuma zo da raunin da ke sa ganye ya yi baƙin tabo ya zube. Garin neman girman fure da kyan launi, da yawa daga sababbin irin suka rasa ƙanshi. Shi ya sa David Austin na Ingila ya koma yana haɗa tsofaffi da sababbi, ya fitar da na farko a 1961.

Da na koma na karanta wa abokina wannan, sai ya ce har yanzu dai ba a miya da shi. Na yarda. Amma 'yan'uwa ɗalibai, darasin da na ɗauka shi ne, kada mu yi saurin sallama wa Turawa duk abin da muka gani a hannunsu ba tare da mun bi salsalarsa ba. Layin furen nan guda ɗaya na bakin laburare akwai gumin Basine da Balarabe da Bafarishe da Bafaranshe a ciki, ga kuma na tsohon da ke ba shi ruwa safe da yamma. Gobe in kun zo wucewa, ku tsaya ku sansana, ku kuma gai da shi. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.