Ayarin Gishirin Bilma: Tafiyar da Ba a Yi Sai da Sanyi

Da yawa daga cikinmu mun tashi muna ganin kantun gishiri a kasuwanninmu, ana sayensa don lasar dabbobi, ba tare da mun taɓa tambayar inda ya fito ba. Amsar tana can arewa, a garin Bilma na ƙasar Kawar, cikin Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 600 gabas da Agadas. Tsakanin garuruwan biyu akwai Tenere, sararin yashi wanda matafiyi kan yi kwanaki cikinsa bai ga ko tsiro ba.

Shekaru aru-aru ke nan Buzayen Abzin suna ratsa wannan sarari da raƙuma, kuma babban ayarinsu ba ya tashi sai damina ta wuce, wajen watan Oktoba. Dalili kuwa shi ne, a lokacin ne raƙuma suka ƙoshi da ɗanyar ciyawa suka yi tozo, dabino ya nuna a Kawar, zafin rana kuma ya ragu har raƙumi na iya jure kwanaki bai sha ruwa ba. Wato dai sanyin da muke gudu, shi ne ya buɗe musu hanya.

Sai dai zuma da zaƙi da harbi. Da dare sanyin Tenere kan tsananta har ya ratsa ƙashi, ga iska mai ɗauke da yashi, ga shi babu itacen hura wuta sai wanda aka ɗauko daga gida. Haka ma harawar raƙuma: ɗaure ta ake yi dami-dami, a riƙa ajiye wasu a hanya don a same su a dawowa. Ana tafiya tun safe har dare ya raba ba a yada zango ba, fura da shayi ma bisa tafiya ake shan su. Rayuwar kowa, bayan Allah, tana hannun madugu, wanda ke bin rana da taurari har ya kai su rijiya. In ya kuskure Fachi, garin da ke tsakiyar hanya, to, an shiga uku.

A Bilma, Barebari da Tubawa ke haƙar ramuka a Kalala, ruwan gishiri ya taru, rana ta busar da shi, sannan a zuba cikin ma'auni ya fito kantu. Ƙasarsu ba ta gero, saboda haka gero ne babban kuɗin ciniki. Daga nan ayari ya koma Abzin, ya ɗan huta, sai ya nufo kudu a tsakiyar hunturu, ta Damargu da Damagaram har Kano. Bajamushen nan Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, irin wannan ayari ya biyo daga Abzin a watan Disamba na 1850, ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851.

A nan ne labarin ya zo ƙofar gidanmu. Buzaye kan yi rani a ƙasar Hausa, su sauke raƙumansu a gonakin da aka girbe, raƙuma su ci karmami su bar taki. Su sayar da gishiri da dabino, su sayi gero da baƙin yadi na rini, sannan su koma arewa kafin ruwa ya sauka. Geron da kakanninmu suka noma shi ne wanda za a kai Bilma a shekara mai zuwa. Unguwar Agadasawa da ke birnin Kano shaida ce ta daɗewar wannan zumunci.

A farkon ƙarni na 20, Faransawa sun ba da labarin ayari mai raƙuma 20,000. Daga baya abubuwa suka sauya. Yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 ya ɗaiɗaita Abzin. Farin 1973 da na 1984 suka hallaka raƙuma ba adadi, tawayen 1990 zuwa 1995 ya sa hanya ta yi wuya. Ga kuma manyan motoci da suka shigo harkar. A 1973 ma wata mota ce ta banke ƙwaya ɗayar bishiyar da ke Tenere, wadda madugai ke alama da ita. Kututturenta yana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Ayari bai mutu ba, amma ya ƙanƙance, madugan da suka san hanya kuma suna ta ƙarewa. Haƙƙi ne a kanmu mu zauna da dattawan da suka ga saukar ayari da idonsu, mu rubuta abin da suka sani tun suna raye. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.