Rikicin Maitatsine da Ma'aunin Rubutun Fim ɗin Ta'asa

Gabatarwa

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. A wannan maƙala za mu waiwayi rikicin Maitatsine, domin mu fito da ma'aunin da ya kamata manazarci ya riƙe idan aka miƙa masa rubutun fim da aka gina kan ta'asar da ta auku da gaske. Mu da ke zaune a Tirwun, cikin garin Bauchi, ba baƙi ba ne ga wannan tarihi, domin tarzomar Gombe ta 1985 ta auku ne lokacin da Gombe take cikin Jihar Bauchi, kafin a ba ta jiharta a 1996.

Yadda Abin Ya Faru

Muhammadu Marwa mutumin garin Marwa ne na ƙasar Kamaru. Ya zauna a Kano yana wa'azi mai zafi, yana yawan tsine wa duk wanda ya saɓa masa, har aka laƙaba masa suna Maitatsine. Hukuma ta kore shi a 1962, daga baya ya dawo ya kafa sansani a unguwar 'Yan Awaki, inda ya tara gardawa da matasa 'yan cirani, ya haramta musu rediyo da agogo da keke. Ranar 18 ga Disamba 1980 mabiyansa suka yi arangama da 'yan sanda a filin Shahuci. Wutar ba ta mutu ba sai ranar 29 ga wata, bayan gwamnatin Shehu Shagari ta turo sojoji, shi kansa Marwa ya halaka a ciki. Hukumar bincike ta Mai Shari'a Aniagolu ta ƙiyasta rayukan da suka salwanta 4,177. Ragowar mabiyansa sun sake tayar da fitina a Bulumkutu da Rigasa a 1982, da Jimeta a 1984, sannan unguwar Pantami ta Gombe a 1985.

Daga Tarihi Zuwa Majigi

Masu shirya fim a Nijeriya sun daɗe da gane cewa labarin ta'asa na jan 'yan kallo. A 1977 Eddie Ugbomah ya fitar da fim kan Ishola Oyenusi, ɗan fashin da aka harbe a bakin teku a Legas a 1971, a 1983 kuma ya yi wani kan kisan Janar Murtala Muhammed. A Arewa, Sule Umar ya fitar da fim mai suna Maitatsine a 1989, shekara guda kafin Turmin Danya ya buɗe ƙofar finafinan bidiyo na Hausa a Kano.

Matsalar irin wannan aiki tana cikin zubin wasan kwaikwayo kansa. Kowane wasa na bukatar tauraro, kuma a labarin ta'asa mai laifi ne ya fi kowa motsi da zafin magana, saboda haka alƙalamin marubuci kan zame zuwa gare shi. Har yau ana tuna laƙabin Dokta da aka yi wa Oyenusi da murmushin da ya yi a gaban masu harbi, amma da wuya a sami mai iya kiran sunan mutum ɗaya daga cikin waɗanda ya kashe. Haka sunan Marwa ya rayu, mutum 4,177 kuwa suka koma adadi.

Ma'auni

A ganinmu, tambayar farko da manazarci zai yi wa rubutun ita ce ko ya tsare gaskiyar tarihi. Marubuci na da 'yancin ƙago zance a bakin 'yan wasa, domin ba wanda ya rubuta abin da aka faɗa cikin ɗakunan 'Yan Awaki. Amma ba shi da ikon sauya rana ko wuri ko adadi, ko ya ɗora wa wani laifin da bincike bai ɗora masa ba.

Tambaya ta biyu ita ce ko ya nuna dalilai. Masanin zamantakewa Paul Lubeck ya danganta rikicin da halin da gardawa suka shiga a Kano, bayan farin shekarun 1970 ya kwararo da mutanen karkara birni, kuɗin mai kuma ya tsadar da rayuwa. Rubutun da ya nuna Marwa a matsayin matsafi kawai ya ɓoye wa mai kallo yunwar da ta cika masa sansani. Wanda kuma ya mai da kowane almajiri ɗan tatsine ya ƙara zalunci a kan zalunci.

Tambaya ta uku, wadda ta fi nauyi, ita ce gurbin da ya bai wa waɗanda aka zalunta. Sai a duba ko maƙwabcin da aka ƙwace wa gida da matar da ta rasa miji suna da suna da murya a wasan, ko kuwa gawawwaki ne kurum da aka shimfiɗa don tauraro ya tsallake. Fim ɗin The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda ya fito a 2020 kuma yawancinsa da Hausa aka yi, ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne, domin ya ba da labarin tayar da ƙayar baya ta idon wata mai tallar nono da ke neman 'yar'uwarta.

Kammalawa

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Tarzomar Boko Haram ta 2009 ta soma ne a nan Bauchi, da harin ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi ranar 26 ga Yuli, kuma tabbas marubuta za su juya ga wannan tarihi. Waɗanda suka rasa 'yan'uwa a lokacin suna raye, za su kuma kasance cikin 'yan kallo. Don haka kafin manazarci ya yaba wa rubutu kan daɗin salo ko ƙarfin jigo, ya fara tambayar kansa ko maraya zai iya kallon wasan har ƙarshe bai ji an sake cin zarafin ubansa ba.