Daga rijiyar Tsibiri zuwa ramukan Ɗan Isa: tarihin awon abin da ido ba ya gani

 Yau tarihi za mu waiwaya, kuma tarihin namu ne.

Dattawanmu ba su manta ba. A 1985 aka fara ba mutanen Tsibiri ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwa garau, babu wari, babu launi, kowa na murna an huta da jan guga. Shekaru na tafiya sai haƙoran yara suka fara yin ja, ƙafafu suna lanƙwashewa, wasu kai ya yi girma. Da aka auna ruwan, sai aka tarar da sinadarin fulor tsakanin miligiram 4.8 zuwa 6.6 cikin kowace lita, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce 1.5. Yara sama da 400 suka naƙasa. Ƙungiyar ANDDH ta tsaya kan maganar, FIDH kuma ta fitar da rahoto a 2002. Babu wanda ya zuba guba cikin rijiyar. Daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa da ruwan ya daɗe kwance cikinsu fulor ɗin ya fito.

To, ta yaya ake sanin abin da ke cikin dutse? A 1895 wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano hasken X, wanda ake ɗaukar hoton karaya da shi a likita. A 1913 wani matashi ɗan Ingila, Henry Moseley, ya nuna cewa kowane sinadari, in aka tsokane shi, yana fitar da nashi hasken X da bai yi kama da na kowa ba. Kamar dai shaushawar fuska: ka ga Bagobiri, ba sai ya faɗa maka ba. A kan wannan aka gina na'urar da ake kira XRF. A ɗakin bincike ana niƙe dutsen ya koma gari, a matse shi ya zama ɗan faifai, a harba masa hasken. Irin hasken da ya dawo shi ke faɗin sunan sinadari, ƙarfinsa kuma ya faɗi yawansa. Ana lissafin da kashi cikin miliyan: giram 1 ke nan cikin buhu 10 na gero masu kilo ɗari-ɗari. Yanzu har akwai ta hannu, mai kama da bindiga, wadda ke ba da amsa cikin minti guda ko biyu.

Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga amfaninta, amma bayan ɓarna ta auku. A 2010 likitocin MSF suka lura yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ashe dutsen zinariyar da ake kawowa gida a daka, a niƙa, cike yake da dalma, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Masu bincike suka bi gida-gida da na'urar XRF ta hannu. A wasu wurare dalmar ta zarce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ƙa'idar Amurka a lokacin 400 ce. Yara wajen 400 suka rasu. Da na'urar ne aka gane tsakar gidan da za a kankare ƙasarsa a zuba sabuwa, a Dareta da Yargalma, sannan Bagega a 2013.

Sai dai mu faɗi gaskiya, XRF ta hannu ba ta iya ganin fulor, saboda haskensa rauni gare shi, iska ma tana shanye shi kafin ya iso na'urar. Don haka ruwan sha awonsa dabam ne. Dutse da ƙasa a kai su ga XRF, ruwa a kai shi ga masu awon ruwa. Kowane allazi da nashi amanu.

Me ya sa muka tono wanga zance yanzu? A 2021 zinariya ta bayyana a yankin Ɗan Isa, matasanmu suka kwarara can. A watan Nuwamba ramuka suka rufta, mutum 18 aƙalla suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Ruftawar rami kowa ya gani, kowa ya yi kuka. Ƙurar da ake shigowa da ita gida cikin buhu da tufafi fa, wa ke kallonta?

Don haka roƙonmu kaɗan ne. Kada a daka dutsen ma'adinai inda yara ke wasa ko inda ake girki. Duk mai gina foraj, a gida ne ko a masallaci ko a garka, ya nemi takardar awon ruwan, ya duba layin fulor da idonsa. Ɗalibanmu na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo masu karatun duwatsu kuma, ga aiki nan a ƙofar gida.

Wanda ya ga zamanin rijiyar Tsibiri, ya ba mu abin da ya tuna a ƙasan wanga rubutu, don na baya su ji. Allah Ya kare mana ƴaƴanmu, amin.