Majigi da Gidajen Sinima a Ƙasar Kano: Tarihin da ke Neman Ɓacewa

Manufar wannan maƙala ita ce ta waiwayi yadda kallon hoto mai motsi ya shigo ƙasar Kano, birni da ƙauye, sa'an nan ta jawo hankalin manazarta ga adana abin da ya rage na wannan tarihi tun masu ba da labarinsa suna raye.

Ta hanya biyu wannan baƙon abu ya iso mana. Ta farko ita ce majigi, wato sinimar gwamnati wadda ake yawo da ita a mota. Wani jami'in kiwon lafiya, William Sellers, shi ya yi fice wajen amfani da ita a Nijeriya, kuma shi aka ɗora a kan sashen shirya finafinan ƙasashen mulkin mallaka da Ingila ta kafa a 1939. A Amurka, tun 1933, 'yan kallo ne ke zuwa filin sinima cikin motocinsu. A nan kuwa motar ce ke kawo sinimar. Mutumin karkara, kamar na ƙasar Ƙaraye da Rogo da Tudun Kaya, ta majigi ya fara sanin wannan kallo. Akan sanar da hakimi ko dagaci, a yi shela, bayan magariba a kafa farin ƙyalle a fili, a tayar da inji, mai bayani yana fassarawa da Hausa. Kallon kyauta ne, darasinsa kuwa tsafta da noma da labarin hukuma. Baban Larai, wanda aka shirya don koyar da noman zamani, yana cikin waɗanda dattawa ba su manta ba.

Hanya ta biyu ita ce sinimar kuɗi, wadda galibi 'yan kasuwa mutanen Labanan suka kafa. An buɗe Rex a Kano a 1937, a wajen ganuwa. Yawancin irin waɗannan gidaje ba su da rufi, saboda haka sai duhu ya yi ake kallo. Malamai da iyaye ba su yi maraba da su ba, har aka riƙa kiran abin dodon bango. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a sinimar El Duniya, mutum 331 suka rasu, jama'a da dama kuwa suka ɗauki abin a matsayin ishara. Ba da jimawa ba aka buɗe Palace a Jakara, wadda ita ce ta farko a cikin birni, aka kuwa sha rigima a kanta. Daga baya gidaje irin su Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba suka yi tashe, finafinan Indiya suka mamaye su, har tasirinsu ya bayyana a waƙa da labaran soyayya na Hausa.

Talabijin da bidiyo su ne suka fara janye 'yan kallo zuwa gida, musamman bayan fitowar Turmin Danya a 1990. Ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 da kafa hukumar tace finafinai a 2001 suka sake tsarin harkar. Yau mafi yawan tsofaffin gidajen an rufe su, ko an mai da su wuraren wasu sana'o'i.

To, me ya kamata a yi? Mai karatu zai iya cewa abin da malamai suka ƙyamata bai cancanci adanawa ba. Amma ita kanta ƙyamar tarihi ce, domin ta nuna yadda Bahaushe ke auna baƙon abu kafin ya karɓe shi. Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu sun yi aiki mai yawa a kan birni. Inda saura yake shi ne karkara, domin majigi bai bar gini ba, sai abin da ke cikin ƙwaƙwalwar waɗanda suka kalla suna yara, su kuwa yanzu sun manyanta. Wajibi ne ɗalibanmu na Hausa su shiga garuruwa irin su Tudun Kaya su naɗi hirarsu: a wane fili aka kafa ƙyallen, wa ya yi bayani, ina mata suka tsaya. Sai a gwama wannan da takardun Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da tsofaffin bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo. Gine-ginen da suka rage kuma a ɗauki hotonsu, a ajiye a Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa.

Akwai misalin da ke ƙarfafa gwiwa. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976, an daɗe ana zaton ya salwanta. A 2016 aka gano faifansa, aka gyara shi, aka nuna shi a Balin ta Jamus a 2018. Faifai yakan jira shekara arba'in a ɗaki. Dattijon da ya ga majigi a ƙofar gidan dagaci ba zai jira haka ba.