Tukunyar Giya da Gayyar Noma a Ƙasarmu

Bayan jihadin 1804, Maguzawan ƙasashen Makarfi, Ikara da Kudan sun ci gaba da dafa giyar dawa irin ta kakanninsu. Mata ke jiƙa dawa har ta yi tsiro, su shanya, su niƙa, su dafa cikin manyan tukwane, su bar ta ta nuna. Ranar gayya kuwa, da ita mai gona ke sallamar maƙwabtan da suka taya shi huɗa. Da Musulunci da Kiristanci suka game ƙauyukan, kunu da fura suka maye gurbinta a gidaje da dama, amma gayya ba ta mutu ba. Mu 'yan Dandamisa mazauna birane, ita muka gada. Rijiyoyin garinmu da azuzuwan yaranmu na jiran gayyarmu.