Aƙida da Laifi a Ciwon Taɓin Hankali Mai Tsanani: Nazari kan Ƙonni, Malbaza da Illela

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi rawar da aƙida ke takawa a laifuffukan masu taɓin hankali mai tsanani a gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela na jihar Tawa. Ta dogara da binciken likitocin ƙwaƙwalwa, da nazarin bori a ƙasar Adar, da dokar Nijar da fiƙihun Malikiyya. Matsayarta ita ce aƙida ba ta haifar da laifin. Tasirinta ya fi ƙarfi a kan yadda dangi ke fassara alamun farko, da jinkirin kai marar lafiya gaban likita.

Muhallin nazari

Mutanen yankin Musulmi ne mabiya Malikiyya, sai dai tsohuwar al'ada ba ta gushe ba. Masalata, kusa da Ƙonni, har yau cibiyar Azna ce, kuma littafin Nicole Echard na 1989 ya nuna yadda bori ya kafu a Adar a matsayin hanyar neman waraka. Akwai kuma Kiristoci kaɗan, musamman a kewayen asibitin Galmi da mishan suka kafa a 1950. Saboda haka idan hankalin mutum ya gushe, bayanin da ke jiransa a bakin mutane ya riga ya samu: iska ce, ko sammu, ko jifa, ko kamun maye.

Abin da bincike ya tabbatar

Siddle da abokan aikinsa sun gano a Mancesta, a 2002, cewa kashi 24 cikin 100 na majinyata 193 masu ciwon sikizofiraniya ruɗunsu ya shafi addini. Ruɗu yakan ɗauki harshen da mutum ya tashi da shi. Andrea Yates, wadda ta nutsar da 'ya'yanta biyar a Teksas a 2001, ta yi imanin tana ceton su daga wuta. A 2006 kotu ta yanke cewa ba ta da hankali lokacin aikin. A Adar, irin wannan ruɗu da sunan aljani ko maye zai fito.

Duk da haka, Fazel da Grann sun ƙiyasta a 2006 cewa kusan ɗaya cikin 20 ne kawai na laifuffukan ta'adi a Suwidin ake iya dangantawa da masu taɓin hankali mai tsanani. Bitar da Fazel ya jagoranta a 2009 ta ƙara da cewa shaye-shaye ne ke ɗaga haɗarin sosai. Wannan ya shafi Ƙonni kai tsaye, garin iyaka da tiramol ke yawo a hannun 'yan kabu-kabu da leburori.

Inda aƙida ke shiga

A ɗauki yadda abin ke faruwa a gidaje da yawa. Saurayi ya daina barci, ya ƙi taɓa tuwon gida, yana cewa kishiyar uwarsa ta zuba masa magani, kuma da dare yana jin murya na ce masa ya rigaye ta. A wurin likita, wannan alama ce ta haɗari: akwai wadda ake zargi, tana kusa, ga muryar da ke ba da umarni. A gida kuwa zargin ya yi daidai da abin da kowa ya yarda yana iya faruwa, har a samu wanda zai ce "ai dama mun sani". Sai a fara rubutun sha, da turare, da ruƙiyya. In bai lafa ba a nufi 'yan bori, in ya fara duka a sa masa mari a ƙafa, a ɗaure a jikin turu. Watanni na wucewa, lauje da taɓarya suna tsakar gida.

A ganina nan ne laifin ke ƙulluwa. Addu'a ba ta cutar da kowa, kuma malami ne mutum na farko da dangi ke amince wa. Ɓarnar tana zuwa ne lokacin da mai magani ya gaskata ruɗun, ya ambaci sunan wanda ya yi sammun. Ya miƙa wa marar lafiya abokin gaba ke nan.

Nisa ma na taimaka wa jinkiri. Sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai ya haura kilomita 400 daga Ƙonni, yayin da asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, a kan hanyar Sakkwato, ya fi kusa amma sai an tsallaka iyaka.

Hukunci

Dokar laifuffuka ta Nijar ta 1961 ta gaji ƙa'idar sashe na 64 na dokar Faransa ta 1810: babu laifi idan mutum yana cikin hauka lokacin aikin. Malikiyya ta riga ta can. Ba a yi wa mahaukaci ƙisasi, gangancinsa ana ɗaukarsa kuskure, diyya kuma tana hawa kan danginsa na wajen uba. Wanda haukansa ke zuwa yana tafiya, ana duba halin da yake ciki a sa'ar da ya aikata. Tambaya ɗaya ce a dokokin biyu, kuma amsarta na buƙatar gwajin ƙwararre, domin ambaton aljani a bakin wanda ake tuhuma ba ya tabbatar da hauka, ba ya kuma kore shi.

Shawara

Shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 ya ba da damar horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane ciwon, su fara magani. Ya kamata a haɗa da limamai da masu ruƙiyya na gundumomin uku, a koya musu cewa duk majinyacin da ya ambaci sunan wanda yake zargi, ko ya ce ana umartar sa, a kai shi asibiti a ranar. Kotun Ƙonni kuma kada ta yanke hukunci a irin wannan shari'a sai likitan ƙwaƙwalwa ya duba wanda ake tuhuma.